Yarinya ta samu sauƙi, babanta ya ce a daina allura

Assalamu alaikum. Ina da yarinya 'yar shekara 10. Tun tana ƙarama take yawan ciwon maƙogwaro, musamman lokacin sanyi. In ya tashi sai in karɓo mata magani a kemis, ta sha kwana biyu ko uku, da ta fara cin abinci sai mu ajiye. Da abin ya yi yawa, surukata ta sa aka kira wanzami ya cire mata beli. Bara gwiwarta ta kumbura da zazzaɓi, kafin ta saɓe idon sawu ya ɗauka, sai gwiwar hannu. Aka ce sanyi ne. Bayan wasu watanni hannunta ya fara fizga, kofi na suɓuce mata, rubutunta ya lalace, tana yamutsa fuska ba da sonta ba. Nan aka ce iska ce, aka yi ta ruƙiyya da hayaƙi. Daga ƙarshe yayana ya kai mu asibiti, aka yi hoton zuciya. Likita ya ce wata ƙofa a zuciyarta ba ta rufuwa da kyau, kuma wai ciwon maƙogwaron nan ne sila. Ya ce sai an riƙa yi mata allura duk mako huɗu har tsawon shekaru.

Yanzu ta samu sauƙi, tana zuwa makaranta. Babanta ya ce ba zai ci gaba da kashe kuɗin mota ana sokar yarinya mai lafiya ba, kuma in da gaske maƙogwaro ne, to sakacina ya jawo. Mahaifiyarsa ta ce yawan allura zai shanye mata ƙafa, kuma in aka ji tana da ciwon zuciya wa zai aure ta. Ita ma yarinyar tun ana gobe allura take kuka. Wata biyu ke nan ba mu je ba. Ba na iya barci. Da gaske ni na jawo mata? Kuma in riƙa kai ta a ɓoye ne?

Daga wata uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Sannu da ɗawainiya, sannu da jinya. Allah ya ba yarinyarmu lafiya mai ɗorewa.

Zan fara da abin da ba ya jira. Wata biyun nan da aka tsallake, kada ya kai uku. Allurar da likita ya rubuta mata, wadda ake kira benzatin fenisilin, tana narkewa ne a hankali a cikin tsoka, tana tsare jiki na mako uku zuwa huɗu, daga nan ƙarfinta ya ƙare. Ke nan a yau da kike karanta wannan amsa, ba abin da ke tsakanin 'yarki da ƙwayar cutar da ta taɓa mata zuciya. Cikin makon nan ya kamata ta koma asibiti. Kada kunyar likita ta hana ki. Sun saba ganin waɗanda suka yi fashi, kuma sun fi son a dawo a makare da a ƙi dawowa.

Amma na san ba za ki iya tunkarar maigida da Hajiya ba sai ke kanki kin gane abin da ya faru a jikin yarinyar nan. Don haka ki ba ni aron hankalinki.

Ƙwayar cutar sunanta sitireptokokas, nau'in bakteriya ce, kuma danginta na da yawa. A shekarar 1933 wata masaniya 'yar Amurka, Rebecca Lancefield, ta kasa su rukuni-rukuni, kuma wadda ke kama maƙogwaron yara ita ce ta rukunin A. Tana bin tari da atishawa da yawu daga wannan yaro zuwa wancan, shi ya sa ta fi yaɗuwa a aji mai cunkoso da ɗakin da yara da yawa ke kwana. Ta fi damun 'yan shekara 5 zuwa 15. In ta sauka a maƙogwaro sai ta manne, ta fitar da dafin da ke fasa ƙwayoyin jini da na nama, wurin ya yi ja, ya kumbura, wani lokaci a ga farin ruwa a bayan baki, kaluluwa ta fito a wuya, haɗiyar yawu ma ta zama aiki. Ko ba a sha komai ba, cikin 'yan kwanaki yawanci ciwon yakan lafa da kansa. A nan ne ake ruɗuwa, domin ciwon ya tafi amma rigimar ba ta ƙare ba.

A jikin wannan ƙwaya akwai wani sinadari da masana ke kira furotin M, wanda take kare kanta da shi daga sojojin jiki. Garkuwar jiki kan yi nazarinsa, ta haɗa makamin da zai gane shi. To Allah da ikonsa, wasu sassa na wannan sinadari suna kama da naman zuciya, da na gaɓoɓi, da na wani yanki na ƙwaƙwalwa. Kamar ɓarawo ne ya shiga gida sanye da irin rigar ɗan gidan, 'yan banga suka biyo shi, ya tsallake katanga, su kuma suka rufe ɗan gida da duka. Mako biyu zuwa uku bayan ciwon maƙogwaro, sai garkuwar yaron ta juyo kansa. Wannan shi likitoci ke kira zazzaɓin rumatik. Ciwon da ya riƙa tashi daga gwiwa ya koma idon sawu ya koma hannu, shi ne. Fizgar hannu da yamutsa fuska ma shi ne, lokacin da ya taɓa yankin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi. Wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, ya siffanta wannan fizga tun 1686, kuma an san takan zo a makare, bayan watanni, ta fi kama 'yan mata, sannan ta lafa da kanta cikin makonni ko watanni.

Gaɓoɓi suna warkewa sarai, ba sa barin komai. Zuciya ce ba ta mantuwa. Ƙofofinta wasu siraran fatu ne da ke buɗewa su rufe a kowane bugu don jini ya tafi gaba kada ya dawo. In suka kumbura suka warke, sai su bar tabo. Wadda aka fi taɓawa ita ce ta ɓangaren hagu, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa. Yaron da abin ya taɓa samu sau ɗaya, jikinsa ya riga ya koyi wannan kuskure. Duk ranar da ƙwayar ta sake shigarsa, garkuwa na iya sake afka wa ƙofar, tabo ya hau kan tabo, har ta kai ƙofar ta ƙanƙance ko ta saki gaba ɗaya. Kuma ƙwayar na iya shiga ba tare da yaro ya ce maƙogwaro na masa ciwo ba. Wannan ne dalilin da ba a jira sai ta yi rashin lafiya kafin a yi allura. Aikin allurar shi ne ta kashe ƙwayar tun a bakin ƙofa, kafin jiki ya farga ya tayar da yaƙi.

Yanzu tambayar da ke hana ki barci. 'Yar'uwa, ba zan yi miki ƙarya ba: da an samu wanda ya gane irin ciwon, aka ba ta fenisilin ko amoksisilin na kwana 10 cif, ko allura guda, da wataƙila ba a zo nan ba. Maganin kwana uku yana kwantar da ciwo amma ba ya share ƙwayar. Sai dai wa ya taɓa gaya miki haka? Laifi yana hawa kan wanda ya sani ya take. Ke kin ga 'yarki ba ta iya haɗiya, kin tashi kin nemo magani, kin yi abin da kusan kowace uwa a unguwarku ke yi. Yawancin ciwon maƙogwaron yara ma na mura ne, wanda ba ya buƙatar irin wannan magani, kuma ko ma'aikacin lafiya yakan sha wuya wajen bambancewa da ido. Cikin yaran da wannan ƙwaya ke kamawa ba a yi musu magani ba, kaɗan ne ƙwarai, 'yan ƙalilan cikin ɗari, jikinsu ke juya musu haka. Sauran su warke ba abin da ya same su. Akwai kuma yara da dama da zazzaɓin rumatik ke kamawa alhali ba wanda ya tuna sun yi ciwon maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 40 ko fiye ke ɗauke da wannan ciwon zuciya, yana kashe sama da 300,000 a shekara, akasarinsu a ƙasashe irin namu. A Turai da Amurka ma ya yi ta cin yara kafin cunkoson gidaje ya ragu, fenisilin ya wadata. Abin da ya kai wannan yawa ya wuce sakacin uwa ɗaya. Ki sauke wannan kaya, domin akwai aikin da ke jiranki, kuma ba ya yiwuwa da zuciyar da ke cin kanta.

Maigidanki kuwa, maganar da ya faɗa miki ta yi zafi, kuma bai kyauta ba. Amma ina so ki dube shi da kyau. Yana ganin yarinya na guje-guje, yana ganin kuɗin mota na fita duk wata, yana jin kukanta, sannan bayanin likita bai shiga kunnensa kai tsaye ba. A bakinki ya ji, a lokacin da ku biyun ke cikin firgici. Sau da yawa namiji in tsoro ya kama shi game da ɗansa, sai ya fito masa a matsayin faɗa. Wataƙila kuma akwai ɗan ciwon rai cewa yayanki ne ya kai ta asibiti ba shi ba. Don haka kada ki tunkare shi da gardamar waye ya yi laifi, ba mai cin wannan gardama. Ki nemi lokacin da ya ci abinci ya natsu, ba gaban Hajiya ba, ba gaban yara ba, ki roƙe shi abu guda: ya raka ku sau ɗaya, likita ya nuna masa hoton zuciyar, ya ga jinin da ke komawa baya da idonsa. Gani ya kori ji. Ya yi duk tambayar da ke ransa, har da ta kuɗi.

Akwai abin da za ki iya faɗa masa wanda zai ba shi ƙarfin gwiwa, domin labarin ba duka baƙi ba ne. A arewacin Yuganda an yi wani babban bincike a kan ɗaruruwan yara da hoton zuciya ya nuna ciwon ya fara taɓa su. Aka raba su biyu, rabi na karɓar wannan allura duk mako huɗu, rabi ba sa karɓa. Bayan shekara biyu, cikin masu allura waɗanda ciwonsu ya ƙaru ba su kai 1 cikin 100 ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan 8 cikin 100 ne. Likitoci sun kuma daɗe da lura cewa yoyon ƙofa, in bai yi tsanani ba kuma aka tsare allura, yakan ragu, wani lokaci har a daina jinsa. Wani abin godiya, duk da shekaru sama da 80 ana amfani da fenisilin, har yau wannan ƙwaya ba ta gagare shi ba. Shi kuma mai lissafi ne, to ya lissafa: kuɗin allura da na mota a gefe guda, a ɗaya gefen aikin buɗe ƙirji a canja ƙofar zuciya, wanda ke cin miliyoyin naira, asibitocin da ke yin sa ba su da yawa, kuma in aka sa ƙofar ƙarfe sai an sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa.

Matsalar kuɗin mota tana da mafita. Ki roƙi likita ya rubuta muku takarda mai ɗauke da sunan allurar da adadinta da tazarar kwanaki, a riƙa yi a asibitin da ya fi kusa da ku, babban asibiti kuma sai ranar ganin likitan zuciya. Amma a asibiti, hannun ma'aikacin jinya, inda ke da kayan ceto in jiki ya ƙi maganin. Kada a yi a kemis ko a tsakar gida. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da aka yi da ranar da za a koma. Akwai kuma ƙwayar fenisilin ta sha, safe da yamma kullum. Ba ta kai allura tsaro ba, domin mantuwar 'yan kwanaki na buɗe ƙofa, amma ta fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Akwai ma yaran da zuciyarsu ta yi rauni sosai, waɗanda likita da kansa zai fi son ba su ta sha. Wannan hukuncinsa ne, ki tambaye shi. Haka tsawon lokacin: wanda abin ya taɓa wa ƙofa yakan yi aƙalla shekara 10, wasu har su kai shekara 40 da haihuwa, gwargwadon abin da hoto ke nunawa.

Game da kai ta a ɓoye, ra'ayina shi ne kada ki gina wannan al'amari a kan ɓoyo. Abin shekaru ne. Yarinya za ta dawo tana ɗingishi, wata rana za ta faɗa, kuma ranar da asiri ya tonu, allurar ce za ta zama abin da ake faɗa a kai, ya rantse ba za a sake ba. Bayan haka kin ɗora wa 'yar shekara 10 nauyin ɓoye wa ubanta magana. In ya ƙi rakiyar, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, wansa ko amininsa ko limamin unguwa, ki nuna musu takardar likita. Malamai sun san hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Amma kada allurar wannan mako ta jira sai an gama sulhu. Ki gaya masa cikin ladabi, a fili, cewa ranar kaza za ki kai ta, yayanki zai ɗauki kuɗin wannan karon, kuma kina so da izininsa da albarkarsa. Yawancin iyaye maza in aka zo musu ta nan ba sa cewa a'a. In kuwa kin san gidanki, kin san faɗin haka zai jawo miki abin da ya fi faɗa, to manyanki su shigo tun yanzu, kada ki tsaya ke kaɗai.

Hajiya kuma, tsoronta na da tushe. Ta ga yaran da allura ta shanye wa ƙafa, kuma hakan na faruwa in wanda bai iya ba ya soka a kan babbar jijiyar da ta bi ta ɗuwawu. Ki ce mata, "Hajiya, gaskiyarki, shi ya sa ba za mu bari kowa ya yi mata ba sai ma'aikaciyar asibiti." In da hali ki tafi da ita ta gani. Maganar beli kada ki tayar, ya wuce. Ta yi ne don ƙauna. Illa dai ki tsaya kada a yi wa ƙannenta, domin cire beli ba ya korar wannan ƙwaya, ga zubar jini, ga abin da aska ke iya ɗaukowa. Addu'a da tofi kuma ba wanda ya ce a bari, su tafi tare da magani. Hayaƙi ne dai zan so a rage wa yarinya mai lalurar zuciya.

Maganar aure da ta kawo, juya ta za ki yi. Abin da zai ba jikarta damar yin aure ta ɗauki ciki ta sauka lafiya shi ne ƙofar nan ta kai lokacin ba ta ƙara lalacewa ba. Ciki yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa sosai, kuma mata da yawa ba a gano ciwonsu sai ciki ya tsufa numfashi ya gagara. 'Yarki an gano nata da wuri. Ba dole ba ne a yi shela a unguwa, amma in lokaci ya yi, wanda zai aure ta ya sani, kuma ta ga likitan zuciya kafin ta ɗauki ciki.

Ita kuma yarinyar, kukanta na gaskiya ne. Allurar nan na da kauri, tana da zafi, kada a ce mata ba zafi. Ki tambaya ko za a haɗa mata da maganin kashe zafi da ake kira lidoken, asibitoci da dama na yi. A bar ruwan ya bar sanyi kafin a soka, a tura a hankali, a riƙa sauya ɓangare. Ta ci abinci ta sha ruwa kafin ku fita, a yi mata tana kwance, ku ɗan zauna bayan an gama kafin ku kama hanya. Shekara 10 ta isa a yi mata bayani. Ki gaya mata abin da allurar ke tsarewa da kalmomin da za ta gane, ki ba ta littafin ta riƙa sa alama da hannunta. Ki kula mata da haƙora ma, buroshi ko asuwaki safe da dare. A baki akwai wasu 'yan'uwan wannan ƙwaya da ke zaune lafiya da kowa, amma in dasashi na jini sukan shiga jini su sauka a kan ƙofar da ke da tabo. Duk ranar da za a cire mata haƙori, a faɗa wa likitan haƙori lalurarta tukuna.

Ƙannenta su ma ki sa musu ido, domin irin wannan jiki yakan bi dangi, ga shi ɗaki ɗaya suke kwana. Yaron da ya tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa, ba tari ba majina, asibiti za a kai shi, kuma maganin da aka rubuta a shanye shi duka ko ya warke a rana ta biyu. Ƙazwa da gyambon da ke ruwa su ma kada a raina su, ƙwayar na shiga ta nan, kuma takan taɓa ƙoda: in kin ga fuskar yaro ta kumbura da safe, fitsarinsa ya yi duhu, kada a kwana.

Ita babbar kuwa, in kin ga tana haki a tafiyar da ta saba, ko ba ta iya kwanciya sai an tada ta da matashi, ko ƙafafunta sun kumbura, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko gaɓa ta sake ciwo, ko fizgar ta dawo, ranar za ku tafi, kada ki jira ranar da aka ba ku. In kun je wannan makon, ki faɗa wa likita gaskiyar watannin da aka tsallake don ya duba ko akwai buƙatar sabon hoto. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da babanta. Allah ya ba ta lafiya, ya daidaita tsakaninku.